Doki ko mahayi: wa ke cin gasar Formula 1, mota ko direba?

Sanusi Makanike, Garwa:
Assalamu alaikum 'yan uwa. Tun ranar Lahadin da aka rufe kakar 2025 a Abu Dabi nake juya wata magana a raina, sai na ga gara in kawo ta nan mu dube ta a tsanake. A rumfar garejinmu da ke Yelwa muka kalli tseren, mu fiye da goma a gaban talabijin ɗaya, janareta na ruri a bayan shago saboda an ɗauke wuta tun hantsi. Ana kaɗa tutar ƙarshe yaran da ke koyon aiki a wurina suka kaure da musu, wasu na cewa Lewis Hamilton ya ƙare, wasu na cewa Ferrari ce ta cuce shi. Abin da kowa ya gani da idonsa dai shi ne, mutumin da ya ɗauki kambun duniya sau bakwai, ya ci tsere 105, ya cinye shekara guda cur bai hau dandamalin ukun farko ba a babban tsere ko sau ɗaya, abin da bai taɓa samunsa ba tun da ya shigo gasar a 2007.

Ni a ganina mota ce ke cin gasa, direba kuma yana ƙarasa abin da injiniyoyi suka riga suka gama ne a masana'anta. Ku tuna da 2009. Kamfanin Honda ya janye a ƙarshen 2008, Ross Brawn ya sayi ƙungiyar a kan fam ɗaya na Ingila, aka ɗaura mata injin Mercedes, aka kuma ƙera ƙasan motar ta baya da wata dabara da ke sa iska ta danne ta a kan kwalta fiye da motocin manyan ƙungiyoyi. Jenson Button, wanda ya yi tsere sama da 150 kafin nan amma sau ɗaya tak ya taɓa ci, sai ga shi ya lashe shida daga cikin bakwai na farko, ya zama zakaran duniya. Ba sabon hannu ya yi a cikin wata uku ba, motar ce ta canja. Ina son in ji ta bakin manyanmu.

Alhaji Ɗanjuma, Ngaundere:
Wa alaikumus salam. Sanusi ɗana, ka kawo magana mai kyau, amma ka yi ta ne da idon makanike, ni kuwa zan amsa maka da idon direba. Shekaru masu yawa na yi ina jan tankar mai daga nan zuwa Njamena, kuma duk wanda ya san gangaren dutsen nan da muke kira falez, kafin a kai Mbe, ya san cewa motoci biyu iri ɗaya, lodi ɗaya, taya ɗaya, za su kama gangaren, ɗaya ta sauka lafiya, ɗaya kuma birkinta ya ɗauki zafi yana hayaƙi tun ba a kai rabi ba. Bambancin yana ƙafar mai tuƙi, da sanin inda zai sauke giya da inda zai ƙyale birki ya huta.

Na fara bin wannan gasa tun zamanin Ayrton Senna da Alain Prost. A 1993 motar Williams da Prost ke ja ta fi McLaren ɗin Senna nesa ba kusa ba, amma ranar da aka yi ruwa a Donington ta Ingila, Senna ya faɗo na biyar bayan tashi, kafin a kammala zagayen farko ya wuce mutum huɗu ya koma gaba, kuma bai sake barin tseren ya kuɓuce masa ba. Michael Schumacher ma haka ya yi a Sifen a 1996, cikin ruwa kamar da bakin ƙwarya, da Ferrari wadda kowa ya san ba ta kai Williams ba a shekarar. Idan mota ce kaɗai, wa ya ci waɗannan ranakun?

Sanusi Makanike, Garwa:
Allah ya ƙara girma, Baba Alhaji. Ban musa muku ba, amma ku duba da kyau: a 1993 ɗin Prost ne ya ɗauki kambu, a 1996 kuma Damon Hill ne da Williams. Gwani yana iya ƙwace rana ɗaya ko biyu idan sama ta taimake shi, amma kambu ana tara shi ne cikin wata tara, yawanci a kan busasshiyar hanya.

Malama Rabi, Maruwa:
Sallama ga kowa. Baba Alhaji da Malam Sanusi, ina ganin kowannenku yana riƙe da gefe ɗaya na gaskiya, kuma akwai ma'aunin da zai raba gardamar nan gwargwadon hali, wato a gwada direba da abokin ƙungiyarsa, domin su biyun ne kaɗai ke jan mota iri ɗaya. Lissafi nake koyarwa, don haka ku yi mini uzuri idan na cika ku da alƙaluma.

A bana, kakar 2025, Charles Leclerc, abokin ƙungiyar Hamilton, ya tara maki 242 da Ferrari, ya hau dandamali sau bakwai, har ya samu gurbin farko na tashi a Hangari. Hamilton, da irin motar, ya tsaya a 156. Wannan tazara ta maki 86 ba za a ɗora wa mota ita ba. A ɗaya ɓangaren kuma, Leclerc da duk ƙwazonsa bai ci babban tsere ko ɗaya ba, ƙungiyar ta ƙare ta huɗu a teburin masu ƙera motoci, kuma wannan ba za a ɗora wa direba shi ba. Abin da nake fahimta shi ne mota ce ke yanke iyakar da mutum ba zai wuce ba, direba kuma shi ke nuna ko za a kai wannan iyakar ko za a tsaya ƙasa da ita.

Akwai wani gwaji da ƙaddara ta shirya mana a Baharain cikin Disambar 2020, wanda ya fi ƙarfafa maganar Malam Sanusi. Hamilton, wanda a lokacin yake Mercedes, ya kamu da korona, aka ɗauko George Russell daga Williams, yaron da ya kusa shekara biyu a gasar bai samu ko maki ɗaya ba, aka zaunar da shi a Mercedes ɗin da ma ta yi masa ƙanƙanta har sai da ya matsa ƙafarsa cikin takalmin da bai kai girmanta ba. Ranar Asabar ya zo na biyu a gwajin neman gurbin tashi, ranar Lahadi ya ƙwace gaba daga Valtteri Bottas, ɗaya direban Mercedes, tun a kwanar farko, ya ja ragamar tseren har sai da aka yi kuskuren ɗaura masa tayoyin abokinsa, daga baya kuma taya ta yi masa faci. Mako guda kafin nan a can baya yake fafutuka. Haka Nico Hülkenberg, sai a tserensa na 239 ya fara hawa dandamali, a Silverstone a bana, alhali duk wanda ke bin gasar ya daɗe da sanin cewa gwani ne.

Abakar, Njamena:
Gaisuwa ga iyayena da yayyena. Malama, ma'aunin nan naki shi ne hujjata a kan Max Verstappen. A 2024 ya tara maki 437 ya ɗauki kambu, abokin ƙungiyarsa Sergio Pérez kuma ya samu 152, har ƙungiyarsu Red Bull ta faɗo ta uku a teburin ƙungiyoyi. Motar da ta zo ta uku ce ta fitar da zakaran duniya, to wa ya ci, ita ko shi? A Barazil a shekarar ya tashi daga gurbi na 17 cikin ruwa ya zo ya ci tseren. A bana kuwa, bayan tseren Holan yana bayan Oscar Piastri da maki 104, mutane da yawa a nan zauren sun riga sun yi masa jana'iza, amma aka je Abu Dabi aka rufe da Lando Norris 423, Verstappen 421, Piastri 410. Ya ci tsere takwas, Norris da Piastri bakwai-bakwai, kuma su ne ke da motar McLaren da ta fi ta kowa. Direbobi biyu aka gwada a ɗaya motar ta Red Bull a bana, Liam Lawson da Yuki Tsunoda, babu wanda ya ko kusanci ƙurarsa. Yaya Sanusi, ka duba wannan da adalci.

Sanusi Makanike, Garwa:
Ƙanena Abakar, na duba, kuma ba na ja da cewa Verstappen ne gwanin wannan zamani. Amma ka tambayi kanka inda gwanintar take tsakanin watan Mayu da Satumba. Tun bayan nasararsa a Imola har sai da aka je Monza bai ci babban tsere ko ɗaya ba. A cikin wannan tsakani aka sauke shugaban Red Bull, Christian Horner, a watan Yuli aka ɗora Laurent Mekies, aka kawo wa motar sabon ƙasa a Monza, daga nan ne ya ci shida cikin tara na ƙarshe. Mutumin bai canja ba, abin da ke ƙarƙashinsa ne aka gyara.

Sai dai zan amince da abu ɗaya, kuma aikina ne ya koya mini shi. Akwai direban da zai kawo maka mota ya ce kawai ba ta da lafiya, ka kwana uku kana lalube. Akwai kuma wanda zai ce maka idan ya taka birki a gangare yana jin sitiyari na ja zuwa dama kaɗan, da ƙara daga ƙafar gaba, cikin rabin awa ka gano matsalar. Direba na biyun nan rabin makanike ne. Idan haka Verstappen yake wa injiniyoyinsa, to gyaran motar ma da hannunsa a ciki.

Malam Bello, Kusuri:
Assalamu alaikum. Na daɗe ina karatu ban sa baki ba, amma maganar ta zo inda na ɗan sani. A gidanmu na tashi na tarar da dawaki, kuma tun ina yaro nake bin mahaifina hawan salla. Wanda bai san doki ba yana zaton doki mai gudu kowa ya hau zai yi gudu. Ba haka abin yake ba. Akwai doki mai laushin baki, da ka ɗan motsa linzami ya juya, wanda ya saba da shi yana jin daɗinsa kamar jikinsa, baƙo kuwa kafin ya ankara ya kayar da shi. Akwai mai taurin baki, sai ka ja da ƙarfi ka haɗa da ƙaimi, shi ma yana da mahayin da ya dace da shi. Muna da wani ingarma akawali da babu wanda yake yarda da shi sai yayana, ni da na hau sai ya riƙa tirjiya yana cizon linzami, alhali barga ɗaya, harawa ɗaya, dusa ɗaya.

Abin da nake gani a Red Bull ke nan. Verstappen yana son motar da gabanta ke da kaifi, da an taɓa sitiyari ta shige kwana, bayanta kuma yana rawa, shi yana iya riƙe ta a haka, waɗanda aka zaunar kusa da shi tun daga Pierre Gasly da Alex Albon sun kasa. Amma Gasly da ya koma ƙaramar ƙungiya ya ci tsere a Monza a 2020, Albon kuma ya farfaɗo a Williams. Saboda haka ma'aunin Malama Rabi yana da kyau, sai dai shi ma yana da gurbin da bai cike ba, domin mota iri ɗaya ba ta zama iri ɗaya a hannun mutum biyu.

Game da Hamilton, shekara goma sha biyu ya yi a Mercedes, kuma tun yana McLaren injin Mercedes yake ja. Shi da kansa ya bayyana cewa birkin Ferrari na wani kamfani ne daban da wanda ƙafarsa ta saba da shi, kuma motar tana buƙatar a riƙa rage gudu da injin yayin shiga kwana, abin da bai saba yi ba. A wasan da kashi ɗaya cikin goma na sakan ke raba gurbi na huɗu da na takwas, mutum mai shekara arba'in ya sake koyon taka birki ba ƙaramin aiki ba ne. Duk da haka ya ci gajeren tseren Asabar a Sin cikin watan Maris, don haka hannun bai mutu ba.

Malama Rabi, Maruwa:
Na karɓi gyaranka, Malam Bello. Zan ƙara da wani ɓangare da muke mantawa, wato mutanen da ke zaune a bakin hanya da na'urori a kunne suna yanke shawara. A Monza a bana an yi jinkiri wajen canja wa Norris taya, Piastri ya wuce shi, sai McLaren ta umarci Piastri ya mayar masa da matsayinsa. Norris ya zo na biyu ya ɗauki maki 18, inda da na uku ya zo 15 zai samu. Maki uku ke nan, kambun kuma da maki biyu aka ci shi. Ba na cewa da ba a yi haka ba tabbas Verstappen ne zakara, domin da sauran tseren ma sun ɗauki wani salo, amma alƙaluman sun isa a tsaya a yi tunani. A Las Vegas an soke sakamakon motocin McLaren duka biyu saboda allon da ke ƙarƙashinsu ya cinye fiye da ƙa'ida. A Katar motar tsaro, wadda ke shiga gaba ta rage wa kowa gudu idan an yi haɗari, ta fito a zagaye na bakwai, kusan kowa ya shiga ya canja taya, McLaren ta bar nata a waje, Verstappen ya ci. A cikin waɗannan ukun babu inda gudun mota ko gwanintar direba ta yanke hukunci.

Abakar, Njamena:
Gaskiya ne, Malama. Ko canjin taya ma aikin mutum kusan ashirin ne, kuma McLaren ce ke riƙe da tarihin sakan 1.80 tun Katar 2023.

Sanusi Makanike, Garwa:
Tunda an kawo masu yanke shawara, ni ba zan iya yin shiru a kan 12 ga Disamba 2021 ba, domin har yau abin yana ci mini rai. Hamilton da Verstappen sun shiga Abu Dabi da maki 369.5 kowannensu. Hamilton yana gaba da tazara mai kyau, Nicholas Latifi ya daki bango saura zagaye kaɗan, motar tsaro ta fito. Mai kula da tseren, Michael Masi, ya bar motoci biyar kaɗai da ke tsakanin Hamilton da Verstappen suka wuce, sauran waɗanda aka zagaye kuma aka bar su a inda suke, ya janye motar tsaro da wuri don a samu zagaye ɗaya na ƙarshe. Verstappen na da sabuwar taya mai laushi, Hamilton na kan tsohuwa mai tauri. Hukumar FIA mai kula da gasar da kanta ta ce kuskuren ɗan Adam ne, ta kuma cire Masi daga muƙamin a Fabrairun 2022. Ranar ba mota ce ta ci ba, ba kuma direba ba.

Abakar, Njamena:
Yaya Sanusi, na yarda an saɓa ƙa'ida a ranar, ban taɓa musun wannan ba. Amma Verstappen ya ci tsere goma a shekarar, Hamilton takwas, kuma kada a manta da Silverstone inda suka yi karo Verstappen ya tafi asibiti, da Baku inda taya ta fashe masa yana kan gaba. Ba shi ya ba da umarnin ba, damar da aka buɗe masa ya yi amfani da ita, kamar yadda kowane direba zai yi.

Alhaji Ɗanjuma, Ngaundere:
'Ya'yana, wannan rauni ne da ba ya warkewa, kuma mun sha tattauna shi a nan, mu bar shi haka mu koma kan tambayar Sanusi. Na saurari kowa, kuma na ɗan matsa daga inda na fara. Na yarda babu mai ɗaukar kambu da mota mara kyau. Fernando Alonso shaida ne, zakara sau biyu, amma tun Sifen 2013 bai sake cin tsere ba, kuma ba wanda zai ce ya manta tuƙi. Sai dai ina so ku lura cewa mota mai kyau ba a hanya ake tsintar ta ba. Juan Manuel Fangio ya ɗauki kambu biyar da kamfanoni huɗu, Alfa Romeo da Maserati da Mercedes da Ferrari, saboda duk wanda ya ƙera mota mai kyau shi yake nema ya ja masa ita. Schumacher kuma ya bar Benetton yana zakara sau biyu ya tafi Ferrari a 1996, ƙungiyar da rabonta da kambun direbobi tun Jody Scheckter na Afirka ta Kudu a 1979. Ya haƙura shekara huɗu, Jean Todt yana shugabanci, Ross Brawn da Rory Byrne suka biyo shi daga Benetton, sannan daga 2000 zuwa 2004 suka ɗauki biyar a jere. Motar ta yi kyau ne saboda mutanen da suka taru a kansa. Abin da ban sani ba game da Hamilton ba gudu ba ne, lokaci ne: Schumacher yana da shekara 27 ya fara wannan gini, Hamilton kuma a watan Janairun 2026 zai cika 41, Ferrari kuwa rabonta da kambun direbobi tun Kimi Räikkönen a 2007.

Malama Rabi, Maruwa:
Baba Alhaji, baɗi, a kakar 2026, za mu samu amsa mai yawa, domin ana sake dokokin ƙira daga tushe. Kusan rabin ƙarfin motar daga lantarki zai fito, injin lantarkin zai tashi daga kilowat 120 zuwa 350, man da za a sha ba na rijiya ba ne, fukafukan gaba da baya za su riƙa buɗewa da rufewa tsakanin miƙaƙƙiyar hanya da kwana, motar kuma za ta ragu a girma da nauyi. Audi ta karɓi Sauber, Cadillac ta shigo ta zama ƙungiya ta goma sha ɗaya, Red Bull za ta fara amfani da injin da ta ƙera da kanta tare da Ford, Aston Martin kuma ta samu Honda da Adrian Newey, wanda ya zana motocin da suka ci kambu a Williams da McLaren da Red Bull. Lokacin da aka yi irin wannan sauyi a 2014, Mercedes ta ci 16 cikin 19, wannan hujja ce ga Malam Sanusi. Amma a shekarar ce Sebastian Vettel, wanda ya rufe 2013 da nasara tara a jere da kambu huɗu, ya kasa cin ko ɗaya, sabon abokinsa Daniel Ricciardo kuma ya ci uku da irin motar, wannan kuma hujja ce gare ku.

Sanusi Makanike, Garwa:
Za a buɗe kakar a Melbon ta Ostireliya ranar 8 ga Maris 2026, kuma da agogonmu wajen ƙarfe biyar na asuba ne, cikin watan azumi idan Allah ya kai mu, daidai lokacin da ake gama sahur ana haramar masallaci. Duk wanda ke Garwa ya biyo ta gareji bayan an idar da salla, zan tanadi man janareta tun dare, mu kama abin da ya rage na tseren.

Alhaji Ɗanjuma, Ngaundere:
Allah ya kai mu da rai da lafiya. Ni maimaicin rana zan kalla, domin ba na fita daga masallaci sai gari ya waye. Sanusi, ka rubuto mini abu ɗaya tun ranar Asabar kafin in ji daga wani: tazarar da ke tsakanin Hamilton da Leclerc a gwajin neman gurbi, da kuma wanda ya fi jinkirta taka birki a cikinsu wajen shiga kwanar farko.